Garkuwar Jiki Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Me Ya Sa Danne Ta Bai Zama Magani Ba?

Maganin shanyewar ɓarin jiki a asibitocin zamani tsere ne da agogo. Da zarar gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin halittar wannan sashe sukan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, kuma ɓarnar takan yi ta faɗaɗa muddin toshiyar tana nan. A shekarar 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, majiyyaci yakan yi asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti. Saboda haka kusan duk ci gaban da aka samu a shekaru talatin ɗin nan ya ta'allaƙa ne a kan buɗe jijiyar da wuri. A 1996 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da altefilas, allurar da ke narkar da gudan jini, bisa sharaɗin a yi ta cikin sa'o'i uku da farawar ciwon. Wani bincike da aka yi a Turai ya tsawaita wa'adin zuwa sa'o'i huɗu da rabi a 2008. Daga 2015 kuma aka tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin kai a zaro gudan jinin, aikin da a 2018 aka nuna zai iya amfanar wasu zaɓaɓɓun majiyyata har zuwa sa'o'i 24.

Waɗannan nasarori ne na gaske, sai dai na wanda ya iso da wuri ne, ya kuma iso asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ƙwararren da zai karanta hoton a wannan sa'ar. Magidancin da ya farka da asuba a wani ƙauye na Jigawa ko na Damagaram ya tarar hannunsa da ƙafarsa sun ƙi motsi, bakinsa ya karkace, ba ya cikin wannan lissafi. Kafin a gama shawarar ko iska ce ta buge shi, a gwada hayaƙi da shafe-shafe, a haɗa kuɗin mota, a je ƙaramin asibiti a tura shi babba, kwana ɗaya ko biyu sun wuce, ƙofar narkar da gudan jini kuwa ta daɗe da rufewa. Ko a ƙasashe masu arziki ma, 'yan tsiraru ne daga cikin majiyyata suke samun waɗannan magunguna.

Wannan ne ya sa masana suka zuba ido a kan abin da ke faruwa bayan toshiyar, wato kumburi da martanin garkuwar jiki. Shi wannan martani ba ya ƙarewa cikin sa'o'i huɗu. Yakan ɗauki kwanaki da makonni, saboda haka a ƙa'ida maganin da ya kama shi zai iya riskar wanda ya makara. Fata ne mai ma'ana. Amma fiye da shekaru ashirin na gwaje-gwaje sun nuna cewa tunanin da aka fara da shi, cewa garkuwar jiki abokiyar gaba ce da za a danne a huta, kuskure ne. Abin da ya kamata a nema shi ne sanin wane reshe na martanin ke cutarwa, a wane lokaci, kuma a jikin wane majiyyaci.

Kalmar kumburi kanta tana buƙatar bayani, domin a Hausar yau da kullum tana nufin tashin nama ne kawai. A likitance ma'anarta ta fi haka faɗi. Tun a ƙarni na farko Miladiyya marubucin Rumawa Kelsus ya lissafa alamominta huɗu: ja, tashin wuri, zafi da raɗaɗi. Dukkansu sakamakon abu ɗaya ne, wato jiki ya ji rauni ya buɗe hanyoyin jini ya turo sojojinsa. An daɗe ana ɗaukar ƙwaƙwalwa a matsayin keɓaɓɓen gari da waɗannan sojoji ba sa shiga, musamman bayan Peter Medawar ya nuna a 1948 cewa fatar da aka dasa cikin ƙwaƙwalwar dabba ba ta gamuwa da ƙin karɓar da take gamuwa da shi a wasu sassan jiki. Akwai kuwa shinge na gaske tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ƙwayoyin bangon jijiya suka gina ta hanyar manne wa juna ba tare da barin kafa ba. Amma shanyewar ɓarin jiki takan fasa wannan shinge.

Yadda abin ke tafiya shi ne, ƙwayoyin da suka mutu saboda rashin jini sukan fashe su zubar da abin da ke cikinsu, jiki kuma yakan karanta wannan a matsayin ƙararrawa, tamkar ƙwayar cuta ce ta shigo, alhali babu ita. Masu fara amsawa su ne maikirogiliya, ƙananan masu gadi da ke zaune cikin ƙwaƙwalwa dindindin, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río Hortega ya fayyace a 1919. Su ne ke sakin sinadaran aike, irin su intalukin na ɗaya, waɗanda ke sa bangon jijiyoyi ya fito da wasu ƙugiyoyi masu kama fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa. Nutirofil ne ke fara isowa cikin sa'o'i, su yi yawa a kwana ɗaya zuwa uku. Sai monosait, sannan limfosait daga baya. Wani bincike da aka yi a Boston a 2018 ya gano cewa wasu daga cikin nutirofil ɗin ba daga nesa suke zuwa ba, daga ɓargon ƙoƙon kai suke gangarowa ta wasu siraran hanyoyi. Da isowarsu sukan cunkushe ƙananan jijiyoyi, su saki sinadaran da ke ƙara yaga shingen, ruwa ya kwarara cikin naman ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Shi ya sa majiyyacin da babbar jijiya ta toshe masa yakan ƙara rikicewa tsakanin kwana na biyu da na biyar, bayan dangi sun fara tunanin an tsallake.

Duk wanda ya karanta wannan bayani zai ga mafita a fili: a hana fararen ƙwayoyin jini shiga. Haka masana suka gani, kuma a ɓeraye dabarar ta yi aiki sau da dama. Gwaji mafi shahara a kan mutane shi ne na enlimomab, maganin da ke toshe ɗaya daga cikin ƙugiyoyin nan. An gwada shi a kan majiyyata 625 cikin sa'o'i shida da farawar ciwon, aka buga sakamakon a 2001. Waɗanda suka sami maganin sun fi waɗanda ba su samu ba naƙasa, sun fi su zazzaɓi da kamuwa da cututtuka, kuma kashi 22 cikin 100 nasu sun rasu, a yayin da kashi 16 ne suka rasu a ɗaya ɓangaren. Garin neman gira aka rasa ido. Bayanin da aka fi karkata gare shi daga baya shi ne, da yake daga jikin ɓera aka samo maganin, jikin ɗan Adam ya ɗauke shi a matsayin baƙo, sai ya hura wutar da aka je kashewa.

An sake gwadawa ta wasu ƙofofin. Wani sinadari da aka samo asalinsa daga tsutsar cikin karnuka, wadda ke amfani da shi wajen kare kanta daga nutirofil, an ba da shi a gwajin da ya ƙunshi mutum 966, aka dakatar da gwajin saboda babu alamar amfani. An buga wannan a 2003. Natalizumab, wanda ke hana limfosait ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa kuma yake aiki sosai a wata cuta da garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, bai rage girman raunin ba a gwajin 2017, bai kuma inganta warkewa ba a gwajin da ya biyo baya a 2020. A Mancesta, inda Nancy Rothwell da abokan aikinta suka shafe shekaru suna nazarin intalukin na ɗaya, maganin da ke toshe shi ya sauko da alamomin kumburi a jinin majiyyata a wani gwaji na mutum 80 a 2018, amma wannan bai bayyana a ƙarfin hannu ko ƙafarsu ba. Tun a 2006 ma wasu manazarta a Ostareliya sun ƙirga magunguna 1,026 da aka taɓa gwadawa don kare ƙwaƙwalwa a wannan ciwo, mafi yawansu a dabbobi, ba tare da an sami wanda ya tsaya da ƙafarsa a asibiti ba, in ban da hanyoyin da suka shafi gudan jinin kansa.

Dalilin da aka fi ambata shi ne bambancin ɓera da mutum, kuma gaskiya ne. Ɓeran ɗakin bincike yawanci namiji ne, matashi, mai lafiya, wanda bai taɓa haɗuwa da ƙwayar cuta ta kirki ba, kuma akan ba shi magani mintoci kaɗan bayan an toshe masa jijiya, wani lokaci ma kafin a toshe. Majiyyacin gaske kuwa dattijo ne ko dattijuwa mai hawan jini, watakila da ciwon suga, wanda garkuwar jikinsa ta sha gwagwarmaya shekara sittin. A jinin ɗan Adam nutirofil ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyi, a jinin ɓera kuwa limfosait ne. Ban da haka, yawancin binciken dabbobi ƙanana ne, ɗakin bincike ɗaya ne ke yi, kuma wanda bai ba da sakamako mai daɗi ba sau da yawa ba ya ganin ɗab'i. Lokacin da aka fara gwada magunguna a ɓeraye da tsaurin da ake gwada su a mutane, sai labari ya sha bamban. A 2015 wasu cibiyoyin Turai sun haɗu sun gwada maganin da ke toshe ƙofar da natalizumab ke toshewa, suka ga yana taimakawa a ƙaramin rauni amma ba ya komai a babba. A 2023 kuma wata haɗakar ɗakunan bincike shida a Amurka ta gwada hanyoyin magani shida a kan dabbobi fiye da 2,600, har da masu hawan jini da masu ƙiba da tsofaffi. Guda ɗaya ce ta tsallake, kuma magunguna biyu masu danne garkuwar jiki da ke cikin jerin, fingolimod da tosilizumab, suna cikin waɗanda suka faɗi.

Amma ɗora wa ɓera laifin duka gudun gaskiya ne. Matsalar ta fi haka zurfi, domin sojojin da ke ɓarna su ne kuma masu shara da gini. Mataccen nama ba ya ɗauke kansa. Maikirogiliya da monosait ne ke cinye shi su share wuri, su kuma saki sinadaran da ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka tsira su ƙulla sababbin hanyoyi. Wannan ƙulle-ƙulle shi ne tushen duk abin da mai gashin ƙashi yake ginawa a kai lokacin da yake koya wa majiyyaci tafiya. A 2016 masu bincike a Budafes sun kawar da maikirogiliya daga ƙwaƙwalwar ɓeraye kafin su toshe jijiya, da tsammanin ko raunin zai ragu. Ƙaruwa ya yi, da kimanin kashi 60 cikin 100. Kafin nan, a 2009, wasu a Heidelberg ta Jamus sun nuna cewa akwai wani rukunin limfosait da aikinsa shi ne sulhu da kwantar da tarzoma, kuma idan aka cire shi ɓarnar takan ƙaru a kwanakin baya. Ke nan maganin da ya rufe wa dukkan limfosait ƙofa ya rufe wa mai faɗa da mai raba faɗa baki ɗaya. Ƙwaya ɗaya ma tana iya zama mai cutarwa a rana ta farko ta zama mai gyara a rana ta bakwai.

Sai kuma abin da ya fi komai muhimmanci ga likitan da ke tsaye a gefen gado, wanda kuma sau da yawa ba a ba shi haƙƙinsa a muhawarar. A daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke cin wutar kumburi, sauran jiki yana rasa tsaronsa. Masu bincike a asibitin Charité na Barlin sun nuna a 2003 cewa ɓerayen da aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa sukan kamu da ciwon huhu da gubar jini cikin kwana uku ba tare da an saka musu wata ƙwayar cuta ba. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni takan tayar da jijiyoyin firgici, sinadaran tashin hankali su cika jini, limfosait su yi ta mutuwa, saifa ta motse. Da aka ba ɓerayen furofiranolol, maganin da ke toshe tasirin waɗannan jijiyoyi, sai cututtukan suka ragu. An ga irin wannan faɗuwar limfosait da motsewar saifa a jikin mutane ma. Wasu masana na ganin dabara ce ta jiki don kada garkuwar, bayan ta ga abin da ke bayan shinge, ta juya ta yaƙi ƙwaƙwalwar kanta. Ko da haka ne, dabara ce mai tsada. Wani nazari da ya tattara bincike 87 a 2011 ya samu cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki sukan kamu da wata cuta a kwanakin farko, kashi 10 ciwon huhu, kashi 10 kuma ciwon mafitsara. Ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe wanda ya tsallake bugun farko.

A nan ne ruɗanin yake. Gaba kura, baya sayaki: a danne garkuwa don ceton ƙwaƙwalwa a miƙa huhu ga ƙwayoyin cuta, ko a ƙarfafa ta don ceton huhu a ƙara wa ƙwaƙwalwa wuta. An yi tunanin a zagaye matsalar ta hanyar ba kowa maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ya kamu. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2015 sun rufe wannan hanya. Na Holan, mai mutum sama da 2,500, ya rage cututtuka, musamman na mafitsara, amma bai canza yawan naƙasa ba. Na Birtaniya, mai mutum sama da 1,200 masu matsalar haɗiya, bai ma rage ciwon huhun ba. Wannan darasi ne da ya kamata ya isa kowane ɗakin jinya inda ake rubuta wa duk mai shanyewar ɓarin jiki allurar kashe ƙwayoyin cuta don kawai a ji an yi wani abu, a zamanin da ƙwayoyin cuta ke ƙara bijire wa magunguna.

Haka zancen yake game da deksametason da danginsa, waɗanda suke da araha, suke kuma samuwa a kowane kemis. Hankali na iya cewa tunda maganin kumburi ne, kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ai ya dace. Likitoci a Bankok ta Tailan sun gwada shi a kan masu zubar jini a ƙwaƙwalwa, suka buga sakamakon a 1987: bai rage mace-mace ba, ya ƙara cututtuka da hauhawar suga, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. A toshewar jijiya ma tsofaffin gwaje-gwaje ba su nuna amfaninsa ba. Wani babban gwaji a ƙasar Sin a 2024 ya haɗa wani ɗan'uwansa da aikin zaro gudan jini, na kwana uku kacal, kuma ko a nan ma'aunin naƙasa da aka gina gwajin a kansa bai canza ba, duk da an ga alamar raguwar mace-mace da ta cancanci a sake bincika. Wannan yanayi ne na musamman, ba izini ba ne ga mai ba da magani a ƙauye.

Akwai masu cewa, bayan duk wannan, a haƙura da fannin a mayar da kuɗin ga rigakafi. Hujjarsu ba ta wasa ba ce, amma ta wuce gona da iri, domin a wani fagen an riga an tabbatar cewa kumburi abin kamawa ne. A 2017 gwajin da Paul Ridker na Boston ya jagoranta a kan mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya ya nuna cewa kanakinumab, mai toshe wani nau'in intalukin na ɗaya, ya rage sake faruwar manyan matsalolin zuciya da jijiyoyi da kimanin kashi 15 cikin 100 ba tare da ya taɓa kitsen jini ba. Sai dai ya ƙara yawan masu mutuwa ta hanyar cututtuka, tsohon ciniki ya sake dawowa ke nan. Daga nan hankali ya koma kan kolcisin, daɗaɗɗen maganin ciwon gaɓɓai mai araha, wanda ya yi amfani ga masu ciwon jijiyoyin zuciya. A shanyewar ɓarin jiki kuwa sakamakon 2024 ya zo a rabe. Gwajin ƙasar Sin mai mutum 8,343, wanda ya bibiyi majiyyata na kwana 90, bai ga bambanci ba. Wanda aka jagoranta daga Dablin ta Ailan, mai mutum 3,154 da aka bibiya na tsawon shekaru, ya samu kashi 9.8 cikin 100 sun sake samun matsala a ɓangaren masu shan maganin, kashi 11.7 a ɗaya ɓangaren. Tazarar ba ta kai matsayin tabbaci a lissafi ba, kuma annobar korona ta katse gwajin kafin ya cika adadin da aka tsara. Mai adalci ba zai kira wannan nasara ba, ba zai kuma kira shi ƙarshen magana ba.

Wani zargin da ya fi nauyi shi ne inda binciken ke fuskanta yanzu. Tun da aka iya buɗe jijiya da bututu, masana da dama sun ce magungunan baya sun faɗi ne saboda ba su isa wurin da jini ba ya kaiwa ba, don haka a sake gwada su tare da aikin buɗewar. Dabarar tana da ma'ana, kuma wani ƙaramin gwaji da aka yi a Sifaniya da Faransa, aka buga a 2023, a kan maganin da ke toshe kunnen da ke jin ƙararrawar matattun ƙwayoyi, ya ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa da ke jiran tabbatarwa. To amma idan duk ƙarfin bincike ya koma nan, fannin da aka shiga don ceton wanda ya makara zai ƙare yana ƙara wa wanda ya iso da wuri gata. Tambayoyin da suka shafi kwana na uku da mako na biyu, wato yadda za a hanzarta sharar mataccen nama, yadda za a farfaɗo da tsaron huhu ba tare da tsokano ƙwaƙwalwa ba, da ko kumburin da ke daɗewa yana da hannu a mantuwar da ke kama wasu bayan watanni, su ne suka fi amfanar yawancin majiyyatan duniya, su ne kuma kamfanoni suka fi ja da baya a kansu.

A wannan gaɓar Afirka ta Yamma tana da abin faɗa, ba a matsayin mai jiran a miƙo mata ba. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a cibiyoyi 15 na Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, kuma Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yake cikin jagororinsa, ya ruwaito a 2018 cewa daga cikin majiyyata 2,118, kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewarta. Matsakaicin shekarunsu 59, kuma hawan jini ne babban dalili da tazara mai nisa. Kashi 32 ɗin nan ya ninka abin da aka saba gani a Turai da Amurka. Shi kuwa zubar jini a ƙwaƙwalwa ba shi da allurar narkarwa, kuma ɓarnarsa ta biyu, wadda jajayen ƙwayoyin jini ke yi idan sun fashe sun saki sinadarin ƙarfe mai guba ga nama, takan ɗauki kwanaki zuwa makonni. Idan akwai ciwon da maganin daidaita kumburi zai fi dacewa da shi, wannan ne, kuma a nan majiyyatansa suna da yawa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a kwaso sakamakon Turai ko Sin a ɗora kai tsaye ba. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna da wani gado a jininsu, rashin alamar Dafi a jikin jajayen ƙwayoyi, wanda ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma yake tafe da ƙarancin nutirofil a jinin da ke zagayawa ba tare da wata rashin lafiya ba. Duk ma'aunin da aka gina a kan yawan nutirofil, da duk maganin da aka tsara don rage su, yana buƙatar a sake auna shi a wannan jini. Sannan danne garkuwar dattijo a Kano ko Maraɗi, inda tarin fuka ke kwance a ƙirjin mutane da yawa yana jiran dama, ba daidai yake da danne ta a Dablin ba. Ba kuma za a ce ba a iya irin wannan bincike a Arewa ba. A Kano da Kaduna aka gudanar da gwajin haidiroksiyuriya don hana shanyewar ɓarin jiki ga yara 220 masu cutar sikila, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka buga shi a 2022, kuma duniya ta karɓi sakamakonsa.

Kafin wani sabon magani ya iso, hujja mafi ƙarfi da ake da ita a yau a kan wannan ɓangare na ciwon ba daga kamfanin magani ta fito ba, daga ma'aikatan jinya ta fito. A 2011 Sandy Middleton da abokan aikinta suka buga gwajin da suka yi a ɗakunan jinya 19 na jihar New South Wales ta Ostareliya. Abin da aka ƙara a wasu ɗakunan shi ne tsari a kan abubuwa uku: a riƙa auna zafin jiki duk bayan sa'o'i huɗu a sauko da zazzaɓi da farasitamol, a riƙa auna suga a daidaita shi, kuma kada a sa wa majiyyaci komai a baki sai an gwada haɗiyarsa. Bayan kwana 90, kashi 42 cikin 100 na majiyyatan waɗannan ɗakuna ne suka rasu ko suka dogara da wani, a yayin da adadin ya kai kashi 58 a sauran. Babu maganin garkuwar jiki da ya taɓa kusantar wannan tazara a wani babban gwaji.

Gwajin haɗiya ya fi shafar gidajen Hausawa fiye da yadda ake zato. Mai jinya ba ta iya kallon mahaifinta kwance baki a bushe ba ta ɗura masa koko ko ruwan tofi ba, kuma ƙauna ce ke sa ta. Amma maƙogwaron da ya shanye yakan bar ruwan ya zarce huhu, wani lokaci ba tare da ko tari ba, ya tarar da huhun da masu gadinsa suka ragu. Hani da tsawa ba ya aiki a nan. Abin da ke aiki shi ne ma'aikaciyar jinya ta zaunar da majiyyaci, ta gwada shi da cokali ɗaya na ruwa a gaban danginsa, ta nuna musu abin da take dubawa, idan bai wuce ba a sa masa bututun ciyarwa ta hanci, ruwan addu'a kuma a shafa masa a jiki har haɗiyar ta dawo.

Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna iya fara nasu nazarin da abin da ke hannunsu. Rajista guda mai tsari ɗaya, wadda za ta rubuta sa'ar da ciwon ya fara da sa'ar isowa, nau'in ciwon a hoto, sakamakon gwajin haɗiya, zafin jiki na kowace rana, ƙidayar fararen ƙwayoyin jini a kwana na ɗaya da na uku da na bakwai, da kiran waya bayan wata uku don jin ko majiyyaci na raye kuma yana iya kai kansa bayan gida, za ta nuna a wace rana garkuwar majiyyacin wannan yanki ke faɗuwa, da kuma su wane ne ciwon huhu ke ɗauka. Duk mai son gwada kolcisin ko wani magani a nan gaba, waɗannan alƙaluma zai fara tambaya.